Ƙidayar Tsuntsayen Nguru Aikin Kiwon Lafiya Ce

A tsakanin Haɗeja da Nguru da Gashuwa, inda kogin Haɗeja da na Jama'are ke bazuwa cikin fadamu kafin su nufi Tafkin Chadi, ambaliyar damina ce ke tsara abin da gida zai ci. Idan ruwa ya malala, kifi ya yi ƙwai a cikin ciyayi, manomi ya shuka shinkafa. Idan ya janye, sai a bi danshin da wake da kayan lambu, Fulani su sauko da shanu, masunta su cika kasuwa da bandar tarwaɗa da karfasa. Daji kuma ya ba da goruba da kuka, tafki ya ba da bado a shekarar yunwa. Kifi da nono da ganyen miya su ne ke gina jikin yaron da iyayensa ba sa iya sayen nama. Saboda haka duk wanda ya damu da lafiyar mutanen nan, wajibi ne ya damu da lissafin halittun da ke wannan dausayi.

A can saman kogin Haɗeja, an kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992. Tun daga nan, tare da fari, filin da ambaliya ke rufewa ya ragu daga kimanin hekta 250,000 zuwa 300,000 a shekarun 1960 da 1970, ya koma wajen 70,000 zuwa 100,000. Yanayin gudun ruwan ma ya sauya. A da kogi kan cika da damina ya ƙafe da rani, yanzu kuwa ana sako ruwa kaɗan-kaɗan duk shekara, abin da ciyawar kacalla ke so ke nan. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta mamaye gonaki, ta hana kwalekwale da koma wucewa. A cikinta jan-baki ke kwana, gari na wayewa su faɗa wa shinkafa da gero. Ruwan da ya kwanta a gindinta kuma matattarar sauro ce da dodon koɗi mai ɗauke da tsutsar tsargiya, wadda ke huda fatar yaro yana wanka, daga baya a ga jini a fitsarinsa. Ciyawa ɗaya ta rage abinci, ta kuma ƙara cuta.

A nan ne amfanin sa ido yake. Tun 1987 aka kafa shirin kare dausayin, a 2000 kuma tafkin Nguru da mashigar Marma suka zama wuri na farko a Nijeriya da ya shiga jerin yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayi. A watan Janairu masu ƙidaya kan fita da madubin hangen nesa su lissafa dinya da kirinjijiya da agwagin da ke zuwa daga Turai da hunturu, har a mafakar tsuntsaye ta Dagona. Tsuntsun ruwa ba ya sauka inda babu kifi da ƙwari da buɗaɗɗen ruwa. Idan adadinsu ya faɗi a wani tafki shekara bayan shekara, tafkin ne ke mutuwa, kuma labarin zai iso ta bakin masu ƙidaya tun kafin ya iso asibiti a jikin yara masu tamowa.

Wani zai ce mai jin yunwa ba ruwansa da agwagwa, kuma madatsun nan su ke shayar da Kano, su ke ba da shinkafa da tumatir na Kadawa da Kura. Gaskiya ne, ba kuma mai hankalin da zai ce a rushe su. Sai dai binciken Edward Barbier da abokan aikinsa a farkon shekarun 1990 ya nuna cewa ruwan da aka bari ya isa fadama yana samar da amfanin noma da su da itace fiye da kwatankwacinsa a noman rani na saman kogi. Tumatirin Kadawa yana shiga littafin gwamnati, amma kifin da aka ci a gida da gorubar da yara suka tsinta ba mai rubuta su, abin da ba a ƙirga ba kuwa shi ake fara sadaukarwa.

Wani kuma zai ce ƙidayar tsuntsu kaɗai ba ta isa ba, kuma yana da hujja. Ya kamata a haɗa da auna kifin da ake saukewa a bakin ruwa, da faɗin da kacalla ta ci, da yawan dodon koɗi a wuraren wanka, a sa sarakunan ruwa da masunta a ciki, domin su ne ke fara gane irin kifin da ya ɓace. Sai a ajiye waɗannan alƙaluma kusa da na ɗakunan shan magani na Jigawa da Yobe, hukumar da ke riƙe da makullin Tiga da Challawa ta dube su kafin ta yanke lokacin sakin ruwa da yawansa.