Rigar Baba Ta Koma Rigar Yaro

Kowace uwa a Kazaure, Roni, Gwiwa da Babura ta san yadda tufafin yara su ka yi tsada. A shekarar 2023 aka janye tallafin man fetur, aka kuma saki darajar naira. Dala ɗaya da a ke saye wajen naira 460 ta haura 1,500 a cikin 2024. Da ya ke daga ƙasashen waje dilar gwanjo ta ke zuwa, kuɗinta ya bi dala. Kafin ɗan kasuwa ya ɗauko kaya daga Ƙofar Wambai a Kano ya kawo kasuwar ƙauyenmu, kuɗin mota ma ya hau kai. Ga shi kuwa yaro ba ya jira, rigar bara ba ta shiga bana.

Amma a cikin akwatin gidaje da yawa akwai rigar maigida, irin mai kwala da maɓallai biyu ko uku a ƙirji, wadda a ke kira polo. Ta huje a hamata, ko bakinta ya zazzage, an ajiye ta tana jiran ranar zama tsumma. Mu dai muna cewa, kada a yi saurin yanka ta. Yadin da ya rage mai kyau a jikinta ya isa rigar yaro ɗan shekara uku zuwa shida.

Mu san yadin tukuna

Sunan rigar ya fito daga wasan ƙwallon dawaki, wanda Katsinawa su ka sani tun zamanin Sarki Muhammadu Dikko. Wani ɗan wasan tanis na Faransa, René Lacoste, shi ya fara sayad da irinta da yawa a 1933. Yadinta ba kamar atamfa ba ne. Saƙarsa irin ta safa ce, yana miƙewa idan an ja shi, ya kuma fi miƙewa ta faɗi bisa ga ta tsawo. Saboda haka dole a yanka rigar yaro a tsaye, yadda ta baba ta ke. In aka yanka a gicciye, za ta matse masa ciki, ta yi ta zazzagowa ƙasa.

Sai a duba ko auduga ce ko roba. A zare ɗan ƙyalle daga ciki, a kai shi bakin ashana. Auduga ta kan ci da ƙaurin takarda, ta bar toka mai laushi. Roba kuwa narkewa ta ke yi, ta dunƙule. Wannan gwaji ba wasa ba ne. Da hunturu yaranmu su kan kewaye murhu suna jin ɗumi, rigar roba kuwa in ta kama wuta ta kan narke ta manne a fata. Da bazara kuma tana riƙe zufa, ta kawo ƙuraje. A ba ƙaramin yaro ta auduga.

In daga gwanjo aka sayo, a wanke da ruwan zafi da sabulu, a shanya a rana, a goge kafin a sa almakashi.

Yadda za a yanka

Abin da ya fi wuyar ɗinki a rigar nan shi ne kwala da tsagar maɓallai. To, an riga an ɗinka mana su, sai mu bar su yadda su ke. Tsagar tana da amfani ƙwarai, gama kan yaro babba ne in an gwada da jikinsa. Kewayen kan ɗan shekara uku ya kai wajen inci 19, na babban mutum kuwa wajen 22 ne kawai.

Da fari, a juya rigar ciki waje, a warware hannuwan biyu a ajiye. A ninka bayanta daidai tsakiya, daga kwala har ƙasa. A yi ɗinki inci ɗaya da rabi daga bakin ninkin, har ya ratsa kwalar, a datse rarar. Wuyan ya ragu da inci uku ke nan, ba zai zamo wa yaro daga kafaɗa ba.

Na biyu, a shimfiɗa ta a kan tabarma, a ɗora wata rigar yaron wadda ta yi masa daidai, wuya bisa wuya. A zana da alli, ko da guntun sabulu busasshe. A ƙara inci ɗaya kowane gefe, rabi domin ɗinki, rabi domin girma. A ƙasa a bar inci biyu, a yi kalmasa mai faɗi wadda za a iya saki baɗi. A auna sau biyu kafin a yanka, gama abin da almakashi ya ci ba ya dawowa.

Na uku, hannuwa. A yanko na yaron daga wajen bakin hannun baba, domin a sami kalmasar da ke can a shirye. A haɗa hannu da kafaɗa tukuna, sa'an nan a yi ɗinki guda daga bakin hannu, ta hamata, har ƙasan riga.

Ɗinkin da ba ya tsinkewa

Baƙin keken ƙafa da yawancinmu mu ke da shi, irin su Singer da Butterfly, miƙaƙƙen ɗinki kaɗai ya ke yi. Sa'ad da yadi ya miƙe, zaren ba ya binsa, sai ya tsinke. Maganinsa, a ɗan ja yadin a hankali lokacin da a ke ɗinki, a kuma bi layin sau biyu. Wadda ba ta da keke ta yi da hannu, tana komad da allura baya a kowane taki. Irin wannan ɗinki yana da ƙarfi, yana kuma ba da wurin miƙewa. Tela mai keken wibin zai iya gyara bakin da kuɗi kaɗan, amma ko ba a yi ba, wannan yadi ba ya saurin zarewa.

A sāke ɗinka kowane maɓalli da zare riɓi biyu. Ƙaramin yaro ya kan sa abin da ya tsinta a baki ko a hanci, ɗan maɓalli kuwa ya isa ya shaƙe shi. Ragowar ƙyallen kada a zubar. Za a sami aljihu a ciki, ko faci domin wata rana.

Aikin yamma ɗaya ne, kuɗinsa kuwa kuɗin zare. A nemi iznin maigida tukuna, kada ya nemi rigarsa ran Lahadi ya tarar da ita a jikin auta! Wadda ta iya, ta kai almakashinta taron zumuntar mata ta koya wa sauran. Kirsimati na zuwa kowace shekara, yara kuma suna sa rai. Kuɗin da ba a kashe wajen riga ba, ya tafi wajen takalmi ko littattafan makaranta.