Iya Saiti a Harbin Bindiga: Fiƙihunsa da Hanyar Koyonsa

Imam Muslim ya ruwaito daga Uƙbatu bn Amir cewa Annabi (SAW) ya fassara ƙarfin da aka yi umarni da tanadinsa a aya ta 60 ta Suratul Anfal da harbi. Ibnul Ƙayyim (ya rasu 751 BH) ya yi dogon bayani kan wannan fanni a littafinsa Al-Furusiyya. Harbin da suka sani na baka da kibiya ne, amma ma'anar ta haɗa da bindiga, kuma ga mai farauta da ita ƙwarewar saiti tana da alaƙa da halaccin abin da zai ci.

A hadisin Adiyyu bn Hatim an halatta naman abin da makami ya huda, an haramta wanda ya buge da faɗinsa. A kan wannan ne malaman Malikiyya na baya suka yi saɓani game da harsashin dalma. Dasuƙi ya kawo cewa wasu sun hana, suna ƙiyasta shi da dunƙulen yumɓu, wasu kuma irin su Ibn Gazi da Abdulƙadir al-Fasi sun halatta, domin yana zubar da jini ya kashe da gaggawa. Illar halaccin ke nan. Maharbin da ya sami dabba a cinya ko a tumbi, ta gudu ta kwana a daji, ya azabtar da ita, kuma bisa mashhurin zancen mazhaba naman ya kuɓuce masa.

Saboda haka koyo yana farawa ne a kan allo ko takarda, domin an hana mayar da mai rai abin gwajin harbi. Ginshiƙansa huɗu ne. Na farko zama daram, gindin bindiga ya kafu a kafaɗa, nauyinta ya hau ƙashi ko madogara, domin tsoka tana gajiya ta yi rawa. Na biyu daidaita saitin gaba da na baya, ido yana kan na gaba. Na uku sakin harbi a ɗan tsaikon da ke bayan fitar numfashi. Na huɗu matsa kunama a hankali ba fizga ba, tare da riƙe saiti har bayan tashin harsashi. Ana gane ci gaba idan harbi uku ko biyar sun taru wuri guda. Daga nan ne ake gyara saiti.

Daji kuwa ya bambanta da filin atisaye. Babu tazarar da aka auna, iska tana kautar da harsashi, nisa yana sa shi sunkuyawa, mai harbin ma yana haki. Ya kamata mai koyo ya gwada harbi a durƙushe, a zaune da kuma jingine da itace, har ya san iyakar tazarar da ba ya kuskure a cikinta, kada ya wuce ta.

Abu mafi nauyi shi ne ran ɗan Adam. An hana nuna Musulmi da makami ko da wasa ne, kuma aya ta 92 ta Suratun Nisa'i ta ɗora diyya da kaffara a kan kisan kuskure. Wajibi ne maharbi ya mallaki izinin hukuma, ya ambaci sunan Allah lokacin harbi, ya kuma tabbatar da abin da ya auna da abin da ke bayansa. Motsin ciyawa kaɗai bai isa hujjar sakin harsashi ba. Allah ne Mafi sani.