Me ya sa jam'iyyu biyu suka kafu a Ghana?

A watan Oktoban 1989, gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta yi watsi da ƙungiyoyin siyasa 13 da suka nemi rajista a Najeriya, ta ƙirƙiro jam'iyyu biyu, SDP da NRC. Gwamnati ce ta rubuta masu manufofi, ta kuma gina masu ofisoshi a ƙananan hukumomi.

Shekaru huɗu kacal suka yi. Janar Sani Abacha ya rushe su a watan Nuwamban 1993, bayan soke zaɓen 12 ga watan Yuni.

A Ghana kuwa, babu dokar da ta taƙaita yawan jam'iyyu zuwa biyu. Amma tun da ƙasar ta koma tafarkin dimokraɗiyya a 1992, NDC da NPP ne ke mulki, kuma ragamar ta sauya hannu tsakaninsu a zaɓukan 2000 da 2008 da 2016 da kuma 2024.

Dalili na farko shi ne tsarin zaɓe. Kowace mazaɓa ɗan majalisa guda take turawa, kuma wanda ya fi yawan ƙuri'u shi ya ci, ko da tazarar ba ta taka kara ta karya ba. Tun a 1951 masanin siyasa ɗan Faransa Maurice Duverger ya nuna cewa irin wannan tsari yakan sa masu zaɓe su guji ƙananan jam'iyyu, don kada ƙuri'arsu ta tafi a banza.

Jamhuriyar Nijar ta ɗauki wata hanyar dabam, ta raba kujeru gwargwadon ƙuri'un kowace jam'iyya, abin da ya sa ƙawance ya zama tilas. Ƙawancen AFC ne ya kai Mahamane Ousmane ga mulki a 1993, amma ya wargaje a 1994 bayan ficewar PNDS, kuma rikicin da ya biyo baya ya ƙare da juyin mulkin Janairun 1996.

Sai dai tsarin zaɓe kaɗai bai isa ba, domin Najeriya ma irin na Ghana take bi wajen zaɓen 'yan majalisa. Abin da jam'iyyun Babangida suka rasa shi ne saiwa.

NPP tana danganta kanta da J.B. Danquah, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa UGCC a 1947, da kuma Kofi Busia, kuma tungarta ita ce yankin Ashanti. NDC ta fito ne daga gwamnatin mulkin sojan Jerry Rawlings, ta janyo da dama daga cikin magoya bayan Kwame Nkrumah, ta kuma kafu a yankin Volta.

Irin wannan biyayya gadonta ake yi, tare da tsofaffin ƙorafe-ƙorafe. A unguwannin zango, inda Hausawa ke da yawa, ba a manta da dokar korar baƙi ta gwamnatin Busia a 1969 ba, kuma NPP ta daɗe tana fama da wannan tabo. Da ta hau mulki a 2017, sai da ta kafa ma'aikata ta musamman domin raya zangonni.