Ko Kun Sani?

Tsohon kofin yumɓu marar hatimi, jikinsa ne shaidarsa. Ku kife shi ku duba gindin. Ginin matan Gwari na yankin Minna, irin na Tatiko kusa da Paiko, aikin hannu ne zalla: ba sheƙi, kauri bai daidaita ba, ga tabon baƙi inda wutar kara ta lasa. In kuwa yana sheƙin tangaran, da layukan juyin inji a ciki, kuma ginin yankin ne, to bai girmi shekarun 1950 ba, lokacin da Michael Cardew ya buɗe makarantar ginin tukwane a Abuja ta da, wato Suleja, inda Ladi Kwali ta shiga a 1954. Ƙiyasin shekarunsa kuwa sai ɗakin gwaji: a gasa ɗan ɓarɓashi, a auna hasken da ya fitar.