Yadda Ake Harhaɗa Amalanke da Noti

Kullum muna ganin amalanke yana kai buhunan albasa Babbar Kasuwar Sakkwato, amma kaɗan daga cikinmu suka lura da ƙirarsa. Kafinta yakan shimfiɗa dogayen katako biyu, ya gitta gajeru a kansu, ya huda, ya ɗaure da noti maimakon ƙusa. Dalili kuwa, iskar hunturu tana busar da katako har ƙusa ta saki, amma noti sai a ƙara matse shi da sufana. In katako ɗaya ya tsage, shi kaɗai za a kwance a sauya. Mu tuna, ruwan jarka 10 masu lita 25 kilo 250 ne. Saboda haka mu duba kowane noti kafin lodi, domin rigakafi ya fi magani.