Buƙatun Gyara Daga Ma'aikatan Kamfanoni a Wikipedia: Dalilai da Sakamako

Duk wanda ya rubuta sunan wani babban kamfani a Google, da wuya ya gangara ƙasa bai ci karo da shafin Wikipedia ba. Nan ɗan jarida yake fara leƙawa, nan mai neman aiki da mai son zuba jari suke duba tarihin kamfanin. Amma shafin ba mallakar kamfanin ba ne, ba ya kuma sayuwa kamar filin talla a jarida. 'Yan sa-kai ne ke rubuta shi tun da aka kafa kundin a 2001. Wannan ne ya haifar da wata al'ada da ta yi ƙarfi a Wikipedia ta Turanci daga wajajen 2012: maimakon ma'aikacin kamfani ya sa hannu ya gyara shafin da kansa, sai ya je shafin tattaunawa, ya faɗi wanda yake yi wa aiki, ya rubuta abin da yake so a canza, ya jira wani edita da ba ruwansa da kamfanin ya yanke hukunci.

Dalili na farko da ya kawo wannan tsari shi ne tonon asiri. A watan Agustan 2007 wani ɗalibi a Amurka, Virgil Griffith, ya fito da manhajar WikiScanner, wadda ke nuna daga kwamfutocin wace ma'aikata aka yi gyara ba tare da suna ba. Nan aka ga an goge sukar da ake yi wa Diebold, mai ƙera na'urorin zaɓe a lokacin, daga kwamfutocin kamfanin kansa. A ƙarshen 2011 aka kama Bell Pottinger, kamfanin hulɗa da jama'a na Ingila, yana wanke shafukan masu ba shi kwangila da sunayen bogi. A 2013 aka toshe asusu sama da 250 a binciken kamfanin Wiki-PR. Kowane karo, labarin kamun ya fi ɓata sunan kamfani fiye da sukar da aka so a ɓoye.

Na biyu shi ne doka. A 2012 wata babbar kotu a Munik ta ƙasar Jamus ta yanke cewa kamfani ya riƙa yabon hajarsa a Wikipedia ba tare da mai karatu ya san daga wa maganar ta fito ba, talla ce ta ɓoye. A watan Yunin 2014 Gidauniyar Wikimedia ta gyara sharuɗɗan amfani da shafukanta, ta wajabta wa duk wanda ake biya don ya yi gyara ya bayyana uban gidansa da wanda ya ba da kwangilar. A wannan wata na Yuni dai manyan kamfanonin hulɗa da jama'a 11, ciki har da Edelman da Ogilvy, suka sa hannu kan alkawarin bin ƙa'idojin kundin. Jimmy Wales, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Wikipedia, ya daɗe yana cewa wanda ake biya ya tsaya a shafin tattaunawa, kada ya taɓa maƙalar kanta.

Na uku, wanda ake yawan mantawa da shi, shi ne sau da yawa kamfanonin suna da gaskiya. Shugaba ya sauka shekara biyu da suka wuce, sunansa na nan a shafi. An sayar da wani reshe, an sauya hedikwata, alƙaluman kuɗin shiga sun tsufa. A wani bincike da Marcia DiStaso ta Jami'ar Jihar Fensilbaniya ta wallafa a 2012, yawancin ma'aikatan hulɗa da jama'a da kamfanoninsu ke da shafi sun ce akwai kurakurai a ciki. Ko da an ce maganar mai ruwa da tsaki ce, ba adalci ba ne a hana mutum gyara kuskure, a kuma hana shi ƙofar kai kuka.

Ga yadda abin yake a aikace. Ma'aikaciya ta rubuta layi uku: ita wance ce daga kamfani kaza, a cire sunan tsohon shugaba a sa na sabo, ga rahoton jarida da ya tabbatar. Ɗan sa-kai ya buɗe rahoton, ya ga haka ne, ya gyara, ya yi mata godiya. Duka bai fi minti biyar ba. A ƙasan wannan kuma sai ga wata buƙatar: sabon rubutu cikakke na sashen tarihi, sakin layi ashirin, da majiyoyi birjik. Mutumin da ya dawo daga wurin aikinsa a gajiye, shi ne zai zauna da dare ya buɗe su ɗaya bayan ɗaya, ya tantance wacce ce rahoton jarida na gaske, wacce ce sanarwar kamfanin da wata jarida ta kwafa ta buga. Da yawa sukan rufe shafin su koma kan abin da ya fi ba su sha'awa.

Alfanun tsarin a fili yake. Kowa na iya ganin wanda ya nemi me, da wanda ya amince, da hujjar da aka bayar. Ƙananan kurakurai na raguwa. Amma illarsa ta farko ita ce jira: layin buƙatun yakan kai ɗaruruwa, wasu su yi watanni. A binciken DiStaso, kusan ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka yi magana a shafin tattaunawa sun ce ko amsa ba su samu ba. Idan mai bin ƙa'ida ya ga yana zaman jira, abokin gogayyarsa kuwa ya biya wani ya gyara a ɓoye cikin dare ɗaya, to darasin da ya koya ba mai kyau ba ne. Kasuwar bayan fage ba ta mutu ba: a 2015 an toshe asusu 381 a badaƙalar da aka yi wa laƙabi da Orangemoody, inda ake tatsar kuɗi daga ƙananan 'yan kasuwa da sunan buɗe musu shafi da kare shi.

Illa ta biyu ta fi wuyar gani, ta kuma fi nauyi. A 2013 aka gano wani ma'aikacin kamfanin mai na BP yana kawo rubutattun sassa a shafin tattaunawa, editoci na ɗauka suna sakawa, har wasu suka ƙiyasta cewa kusan kashi 44 cikin 100 na maƙalar kamfanin daga hannunsa ta fito. Wannan fa shekara uku ne bayan fashewar dandamalin haƙar mai na Deepwater Horizon da BP ke aiki da shi a Mashigin Mekziko, wadda ta halaka ma'aikata 11. Mutumin bai ɓoye kansa ba, bai karya ƙa'ida ba, Wales ma ya kare shi. Sai dai kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Ma'aikaci na iya kawo jimloli ɗari ba ƙarya ko ɗaya a ciki, amma shi ya zaɓi abin da zai zo a gaba, da abin da za a taƙaita, da abin da ba za a ambata ba. Edita na iya tantance abin da aka ajiye a gabansa. Abin da aka bari a aljihu kuwa, sai ya tashi ya nemo da kansa. Mai karatu kuma, wanda ba ya leƙa shafin tattaunawa, bai san hannun wa ya rubuta ba.

Akwai kuma rashin daidaiton ƙarfi. Ɗaya ana biyansa albashi don ya nace, ɗaya yana ba da lokacin hutunsa. A 2019 jaridar HuffPost ta ba da labarin wani mai wannan sana'a da ya yi wa Facebook da NBC aiki, yana bayyana kansa yadda doka ta ce, amma yana cika shafuka da dogayen hujjoji har masu ja da shi su gaji. Gajiyar edita ba yarda ba ce, amma a shafi sakamakonsu ɗaya.

Duk da haka rufe wannan ƙofa ba mafita ba ce, domin duk wanda aka kora daga ƙofa zai koma gyara a ɓoye. Abin da ya dace shi ne a bambanta buƙatu. Gyaran suna, kwanan wata da alƙaluma a yi shi da gaggawa, don mai gaskiya ya ga amfanin gaskiyarsa. Abin da ya shafi suka, shari'a, haɗari ko gurɓata muhalli kuwa, kada a karɓi rubutun kamfani ɗungurungum. Edita ya yi nasa binciken, ya rubuta da kalmominsa. Kamfanoni su kawo buƙata gajera, ɗaya bayan ɗaya, da majiya mai zaman kanta. Sharuɗɗan 2014 sun hau kan Wikipedia ta Hausa ma, inda editoci ba su da yawa, don haka gara a tsara yadda za a riƙa karɓar irin waɗannan buƙatu tun kafin su yi yawa. Kamfani na da haƙƙin a saurare shi, a kuma amsa masa a kan lokaci, amma alƙalamin ya zauna a hannun wanda ba a biya ba.