Umbadda: abin da mai babbar mota ya kamata ya sani kafin ya sauya fatar birki da faranti

Tun da sojojin Sudan suka karɓe Kasuwar Libiya da ke Umbadda, a yammacin Omdurman, daga hannun dakarun RSF a ƙarshen watan Maris na 2025, jama'a ke komowa gida sannu a hankali. Wanda ya yi sa'ar tarar da motarsa yakan same ta a inda ya bar ta tun ɓarkewar yaƙi a ranar 15 ga Afrilun 2023. Akasari batir da taya ake fara saya, a manta da birki, alhali shi ke riƙe da ran direba da fasinja, musamman a motoci masu ƙarfin inji irin su Land Cruiser V8, Lexus LX 570 da BMW.

Yadda birki ke aiki

Idan direba ya taka birki, man birki ne ke tura fata biyu, waɗanda ake kira plaquettes da Faransanci, su matse farantin ƙarfen da ke juyawa tare da taya. Gugar da suke yi ita ke mayar da gudun mota ya zama zafi. Idan gudu ya ninka sau biyu, zafin yakan ninka sau huɗu. Land Cruiser kuwa ta haura tan biyu da rabi tun ba a ɗora mata kaya ba, don haka tsayar da ita tana gudun kilomita 120 a kan hanyar Omdurman zuwa Dongola ba ƙaramin aiki ba ne. Birkin gaba ne ke ɗaukar mafi yawan nauyin, shi ya sa yake riga na baya cinyewa.

Yanayin Omdurman ma yana ƙara wahalar. A watannin Mayu da Yuni zafi kan wuce digiri 40, ga guguwar habub da ke cusa rairayi tsakanin fata da faranti, ya riƙa kankare su.

Alamun da ba a yi musu jinkiri

Sabuwar fata kan kai kaurin milimita 10 zuwa 12. Da zarar ta sauko milimita 3, lokacin sauyi ya yi. Ƙara mai tsini gargaɗi ce, amma idan aka ji ƙarfe na gugar ƙarfe, to faranti ya fara lalacewa. Rawar sitiyari yayin taka birki na nuna kaurin farantin bai daidaita ba. Kowane faranti yana da mafi ƙarancin kaurin da kamfani ya yarda da shi, an buga shi a jikinsa bayan haruffan MIN TH. Makaniki ya auna da ma'auni, kada ya tsaya ga duban ido. Farantin da ya gaza wannan adadi, ko ya tsage, ko tsatsa ta yi masa ramuka saboda doguwar ajiya, ba ya gyaruwa.

Wace fata, wane faranti?

Fata iri uku ce a kasuwa. Mai laushi ba ta da tsada kuma ba ta ƙara, sai dai takan saki idan ta yi zafi. Mai haɗin ƙarfe ta fi jure zafi da nauyi, ita ce ta dace da babbar mota da doguwar tafiya, ko da yake tana cin faranti. Ta seramik ba ta yawan ƙura kuma tana daɗewa, amma ta fi tsada. Fatar motocin tsere ba ta dace da cikin gari ba, domin yawancinta ba ta kamawa sosai sai ta ɗau zafi.

Faranti mai huje-huje yana da ban sha'awa, amma tsagewa kan fara daga bakin hujin, ƙasa kuma na cika shi. A hanyoyin Umbadda, faranti mai santsi wanda ke da kafofin iska a tsakiyarsa ya wadatar.

Jabun kaya na yawo da sunan Brembo, Bosch ko Toyota. A duba lambar kayan ta dace da lambar shasin mota, a kuma nemi alamar ECE R90, wadda ke nuna ƙarfin kamun fatar bai bambanta da na asali da fiye da kashi 15 cikin ɗari ba. Idan farashi ya faɗi ƙasa warwas, a tuna cewa araha ba ta ado.

Wajen ɗaurawa

Hagu da dama ake sauyawa tare, ba a sauya ɓangare ɗaya. A goge tsatsar mazaunin faranti, a shafa giris mai jure zafi a sandunan da kan birki ke zamewa a kansu, kada ko ɗigo ya taɓa fuskar fata. Kafin mota ta motsa, a taka birki sau da yawa har ya yi tauri.

Man birki yana shan danshi ko da mota na ajiye. Sabon DOT 4 ba ya tafasa sai ya kai digiri 230, amma idan ya sha ruwa yakan sauko wajen 155. Da ya tafasa, ƙafa za ta nutse har ƙasa mota ba ta tsaya ba. Ana sauya shi duk shekara biyu, kuma ba a gauraya DOT 5 da sauran.

Daga nan sai a nemi hanya marar cunkoso, a rage gudu daga kilomita 60 zuwa 10 kamar sau goma ba tare da tsayawa cak ba, sannan a bar birkin ya huce ana tafiya. A kilomita 300 na farko kuma, a guji taka birki da ƙarfi sai in ya zama dole.